Daga sartifikar kaka zuwa ta jika: yadda matsayin karatun lakwal ya canza a ƙasar Tasawa da Mayahi

A Tasawa, Mayahi ko Maijirgi, in hira ta biyo ta kan lakwal, da wuya a watse ba wani dattijo ya ce ɗan CM2 na zamanin Diori ya fi mai birbe na yau iya rubuta wasiƙa ba. Malamai ma suna da sunan abin, sukan ce «nibo ya faɗi», wato matsayin karatu ya yi ƙasa. Alƙaluman da ake da su sun nuna ƙorafin ba na banza ba ne. Sai dai masu yin sa suna gwada makarantu biyu da ba aiki ɗaya aka ɗora musu ba. Ta dā an kafa ta ne don ta tankaɗe ƴan ƙalilan ta watsar da saura. Ta yanzu kuwa an ce ta karɓi kowa, amma ba a haɗa ta da malamai, lokaci da ɗakunan da aikin yake buƙata ba.

Allo ya riga lakwal

Karatu bai fara da zuwan Nasara ba a wannan ƙasa. Makarantar allo ta daɗe tana da nata ma'auni, kuma mai tsauri ne. Yaro yana farawa da babbaƙu, ya shiga farfaru, sannan ya kama surori har ya kai ga sauka. Ba a duba shekarunsa, ba a duba tsawon zamansa a gaban malam: ba zai wanke allo ba sai ya biya karatun daidai. Wanda ya so zurfafawa sai ya ɗauki buzunsa ya nufi Kano, Zariya ko gabas. A riƙe wannan ƙa'ida ta wanke allo, domin ita ce lakwal ta saki daga baya.

Faransawa kuwa da wuta suka shigo yankin. A watan Yulin 1899 ayarin sojojin Voulet da Chanoine, wanda ya baro ƙone-ƙone da kisa tun daga bakin kogin Isa, ya wargaje a nan, kuma kaburburan hafsoshin biyu suna Maijirgi har yau. Ba abin mamaki ba ne mutanen da suka fara ganin Nasara a wannan kama su yi nauyin hannu wajen miƙa masa ƴaƴansu. Da aka fara buɗe makarantu, ta hannun sarakuna da masu gari ake ɗibar yara, tamkar yadda ake karɓar haraji. Iyaye na ɓoye ƴaƴansu a rumbu ko su tura su ƙauyen dangi, masu hali na fansar nasu da akuya ko damin gero, sarakai da yawa kuma suna tura ƴaƴan barorinsu a madadin nasu. Wasu daga cikin waɗannan yaran da aka tura bisa tilas su ne suka dawo suna mulkin waɗanda suka tura su.

Mulkin mallaka bai nufi ilimantar da jama'a ba. Yana neman tafinta, akawu, malamin asibiti da mushen da zai koyar da na baya. Mafi ƙwazo sukan wuce makarantar yanki, daga nan Yamai, sannan ƴan ƙalilan su kai makarantar William Ponty a Senegal, inda Boubou Hama, Diori Hamani da Djibo Bakary suka yi karatu. Ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Duk wata magana a kan «matsayin dā» daga wannan adadi ya kamata ta tashi.

Yadda tankaɗen yake aiki

Tsarin firamare aji shida ne tun wancan lokaci, waɗanda ake kira yanzu CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Abin da ya canza shi ne yadda ake haye su. A shekarun 1960 da 1970, ƙauyuka da dama sai bayan shekara biyu ake ɗibar sababbin yara, saboda malami ɗaya ko biyu ne ke riƙe da makarantar. Tun ranar farko da Faransanci ake magana da yaron da bai taɓa jin kalma ɗaya ta harshen ba. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a farfajiya sai a rataya masa «sambol», wani ƙashi ko guntun itace, ya yi ta neman wanda zai miƙa wa kafin a tashi, domin wanda abin ya kwana a wuyansa shi ke shan bulala. Tsofaffin ɗalibai da yawa na tuna littafin karatu Mamadou et Bineta, da lissafin ka da ake yi da allo a ɗaga sama, da kuma dikte, wadda ita ce dodon kowa: kuskure biyar, sifili.

Wanda bai samu matsakaicin maki ba sai ya maimaita aji. In ya sake faɗuwa a kore shi ya koma gona. A ƙarshen CM2 akwai ƙofa biyu: jarrabawar sartifika, wadda aka sani da CEPE kafin ta zama CFEPD, da gasar shiga aji shida na kwaleji. Ta biyun ba cin maki kaɗai ba ne, gurbi ake nema, kuma guraben ƙidayayyu ne. Kwaleji sai a babban gari. Yaron Maijirgi, Urafan ko Korgom da ya ci sai an nema masa mai masauki a Tasawa, na Kanambakashe a Mayahi, mai neman bak kuma ya wuce Maradi ko Damagaram. Gwamnati na ba da littattafai, kaye da ɗan kuɗin alawus, a ƙarshen hanya kuma aiki na jira. Mai sartifika kaɗai yana iya samun abin yi a ofis, mai birbe kuwa ya zama mushe ko ma'aikacin gwamnati ba tare da ya yi yawon neman hanya ba.

Dattijon da ke rubuta Faransanci ba kuskure a yau, wanda ya tsira ne daga wannan tankaɗe. Abokan ajinsa da aka kora a CE2 ba a jin muryarsu a muhawarar nibo, balle sauran yaran garin, mafi yawa, da ba su taɓa taka ƙofar aji ba, balle kuma ƴan mata. In aka gwada zaɓaɓɓun jiya da ɗaukacin yaran yau, dole jiya ta yi nasara.

Amma a yi wa tsohuwar makaranta adalci, domin ba tankaɗe kaɗai ta iya ba. Malaminta ya yi shekaru a makarantar horon malamai, ma'aikacin gwamnati ne mai albashi a kan lokaci, sufeto na zuwa ya zauna a bayan aji ya duba takardun shirin darasinsa. A ƙauye shi ne mai karanta wa mutane wasiƙa, mai gari na shawara da shi. Ana karatu safe da yamma, shekara kuma na cika watanninta. Waɗannan abubuwa ne na gaske, kuma su ne aka rasa.

Ɗan Tasawa da ya hango matsalar

Mutumin da ya fi kowa saurin gane aibin wannan tsari a Tasawa aka haife shi, a 1929. Abdou Moumouni Dioffo, masanin kimiyyar fiziks kuma jagoran binciken makamashin hasken rana a Nijar, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya wallafa littafinsa L'Éducation en Afrique a 1964. Shi kansa ɗan tsohon tsarin ne, ya kai ƙololuwarsa, amma bai yabe shi ba. Ya nuna cewa makarantar da aka gada daga Faransa tana raba yaro da al'ummarsa, tana kashe kuɗi da yawa don ta fitar da ƴan kaɗan, kuma ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu.

An gwada wasu hanyoyi. Daga 1964 Nijar ta fara koyarwa ta talabijin a wasu azuzuwa, tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka yi haka, kafin a dakatar da shirin a ƙarshen shekarun 1970. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa sannan a shigo da Faransanci sannu a hankali, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Binciken da aka yi ta yi a kan waɗannan makarantu ya nuna ɗalibansu ba su gaza takwarorinsu ba, sau da yawa ma sun fi su fahimtar abin da suke karantawa. Duk da haka sun shafe shekaru fiye da 30 ana kiran su «na gwaji». Manyan ma'aikatan da ke yabon su a taro ba can suke kai nasu ƴaƴan ba, talaka kuwa yana da ido.

Shekarun tsuke bakin aljihu

Kuɗin uraniyom sun taimaka an gina makarantu a zamanin Seyni Kountché, ƙungiyoyin samariya ma sun ɗora azuzuwa da dama da aikin gayya. Da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai Nijar ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni. Aka rage ɗaukar ma'aikata, aka taɓa kuɗin ɗalibai, a birane aka shigo da tsarin da malami ɗaya ke koyar da rukuni biyu, wasu da safe wasu da yamma, wanda ke nufin kowane yaro ya rasa wani kaso na lokacin karatunsa. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗaliban da ke zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka mutu a ƙidayar hukuma. Wannan rana ta buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991, amma shekarun da suka biyo baya sun yi wa makaranta illa ƙwarai: albashi na makalewa watanni, yajin aikin malamai da na ɗalibai ba ƙaƙƙautawa, har aka yi shekarun da aka soke gaba ɗaya, abin da ake kira farar shekara. Faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin littafi da kaye.

A nan ne alƙawarin da ke tsakanin iyaye da lakwal ya tsinke. Manomin da ya haƙura da aikin ɗansa a gona shekara goma don ya zama ma'aikaci, sai ya ga mai bak zaune a gida. A yankin da ke kusa da iyakar Najeriya, inda saurayi ke iya tafiya ci-rani Kano ko Legas ya dawo da jari, lissafin bai yi wa mutane wuyar yi ba. Akwai kuma wani sakamako da ba a cika ambata ba: yaran da suka yi firamare da kwaleji cikin waɗancan guntayen shekaru, su ne aka ɗiba aikin koyarwa bayan shekara goma.

An buɗe ƙofa

Dokar da ke tsara ilimi a Nijar, wadda aka sani da LOSEN, ta fito ranar 1 ga Yunin 1998, ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne. A 2000 ƙasashen duniya suka yi alƙawarin ilimi ga kowa a taron Dakar. A lokacin, kusan yaro ɗaya cikin uku ne ke firamare a Nijar. Shirin musamman na shugaba Tandja Mamadou ya zuba azuzuwa a karkara da kuɗin yafe bashi, sannan shirin shekaru goma na PDDE ya fara a 2003. Cikin shekaru goma sha kaɗan yawan ɗaliban firamare ya tashi daga kimanin 600,000 zuwa sama da miliyan 2, adadin shiga makaranta ya haura 70 cikin 100. Ƙauyukan Tasawa da Mayahi da ba su taɓa ganin mushe ba suka samu makaranta, aka buɗe kwalejoji a hedikwatar kananan hukumomi da manyan ƙauyuka, Maradi kuma ta samu jami'arta, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo. Ba ƙaramin aiki ba ne, musamman a ƙasar da yawan jama'arta ya tashi daga wajen miliyan 3 a 1960 zuwa miliyan 17 a ƙidayar 2012, kusan rabinsu kuma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Jahar Maradi kaɗai ta haura mutum miliyan 3 a wannan ƙidaya.

Tambayar ita ce wa zai tsaya a gaban allo. Baitulmali ba zai iya biyan dubban sababbin malamai albashin ma'aikacin gwamnati ba, sai aka ƙirƙiro «ƴan sa-kai na ilimi» a ƙarshen shekarun 1990, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantaragi. An fara biyan su jika 35 na sefa a wata. Da yawa an ɗauke su da birbe kaɗai, aka yi musu horon kwana 45 ko ma ba a yi ba, aka tura su daji. A daidai wannan lokaci dokar ritaya bayan shekara 30 ta aiki ta kwashe tsofaffin malamai masu ƙwarewa, waɗanda da su ne za su riƙa hannun sababbin. Ba a jima ba ƴan kwantaragi suka zama wajen 8 cikin 10 na malaman firamare. Makarantun horon malamai, irin ta Bawa Jan Gwarzo a Maradi, suna fitar da nasu, amma su ma da ɗaliban da suka fito daga raunanan kwalejoji suke aiki.

Ɗora wa ɗan kwantaragi laifin duka zalunci ne. Mutum ne da ake biya kuɗi kaɗan, a makare, wanda sai ya rufe aji ya yi tafiyar yini zuwa babban gari kafin ya karɓa, ba shi da tabbacin gobe, yana kuma jiran ranar da zai samu wani aiki ya gudu. Amma ɓoye gaskiya ma ba taimako ba ne. A 2017 ofishin ministan ilimin firamare, ƙarƙashin Daouda Mamadou Marthé, ya yi wa dubban ƴan kwantaragi jarrabawa a kan Faransanci da lissafi na matakin firamare, duk da adawar ƙungiyoyin malamai. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu maki 10 cikin 20. An soke kwantaragin mafi rauni, aka mayar da wasu horo.

Abin da awo ya nuna

Kafin shekarun 2000 babu wani gwaji na bai ɗaya da za a ɗora yaron 1970 da na yau a kansa, don haka yawancin gardamar tunani ne da tunani. Awon da ake da shi na baya-bayan nan ne. Shirin PASEC, na taron ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya gwada ɗaliban ƙasashe 10 a 2014. Nijar ce ta zo ƙarshe: a ƙarshen firamare, ƙasa da yara 9 cikin 100 ne suka kai matakin da ake buƙata a karatu, a lissafi ma ba su kai haka ba. Ma'ana, a ajin CM2 mai yara 50, huɗu ko biyar ne ke iya karanta rubutu su gane abin da ya ƙunsa. A zagayen 2019, da ƙasashe 14, an ga ci gaba na a zo a gani: kimanin 30 cikin 100 a karatu, sama da 20 a lissafi. Masu cewa kullum baya ake yi ba su cika ambaton wannan ba. Sai dai ko da wannan ci gaba, yara 7 cikin 10 na gama shekara shida ba su mallaki karatu ba.

A tsakanin nan ne aka soke jarrabawar CFEPD, aka koma dogaro da makin da yaro ya tara a aji, aka kuma taƙaita maimaita aji. Hujjar tana da ma'ana a takarda: maimaitawa na cin kuɗi, tana cunkushe aji, tana kuma sa yara barin makaranta. A aikace sai ya zama ana wanke allo ba a biya ba. Yaro na hayewa daga CP zuwa CM2 da raunin da ya kwaso tun farko, ya shiga kwaleji inda malamin tarihi ko na kimiyya ke zaton ya iya karatu. Tankaɗen bai ɓace ba, gaba ya matsa: aji shida na kwaleji ya zama wurin da ake zubar da yara da yawa, sannan birbe ta ƙarasa saura. A 2021 wajen ɗalibi ɗaya cikin biyar ne ya ci BEPC a faɗin ƙasar. Hukumomin yanzu sun dawo da jarrabawar sartifika a 2024, bayan kimanin shekara goma ba a yi ta ba. Iyaye da yawa sun yi murna, kuma jarrabawa na sa malami da ɗalibi su ɗaure ɗamara, amma sikeli ba ya ƙara wa buhu nauyi. Abin da ya faru a CI da CP shi ke bayyana a CM2.

Shekarar da ba ta cika

Akwai dalilin da mazauna birni kan manta, wanda kowane darektan makarantar ƙauye ya sani. A hukumance ana komawa firamare a farkon Oktoba. A Maijirgi da kewaye lokacin ana tsakiyar girbin gero da roron wake, yara na gona. Inda ajin na zana ne kuma, ba za a kafa shi ba sai an gama girbi an samu kara, iyaye sun taru sun yi aikin. Sai a shiga Nuwamba ba a fara karatun kirki ba. Hunturu na shigowa da ƙura da sanyi a kan yaran da ke zaune a ƙasa, bazara ta kawo zafi, hadarin farko na Mayu ko Yuni ya yaye rumfar, shekara ta ƙare. A cire ranakun yajin aiki, ranakun karɓar kuɗi da ranar kasuwa, sai a ga abin da ya rage bai kai abin da manhaja ta tanada ba ko kusa. A shekarar da damina ta yi gardama, iyalai kan tashi da yaransu, in ba makarantar na da kantin abinci ba.

Azuzuwan zana sun kai wajen 36,000 a ƙasar bisa ƙidayar da hukumomi suka bayar a 2021, shekarar da gobara ta nuna haɗarinsu sau biyu: a Afrilu a unguwar Pays-Bas ta Yamai, inda yara kimanin 20 suka rasu, sannan ranar 8 ga Nuwamba a Maradi, inda aka rasa fiye da 25. Bayan ta Maradi gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara a irin waɗannan azuzuwa.

Kwamitocin kula da makaranta, da aka fara sani da COGES kafin su zama CGDES, da ƙungiyoyin iyaye mata, nan ne amfaninsu ya fi fitowa. Inda suke da rai, ana kafa aji da wuri, ana sa ido a kan zuwan malami, ana shirya darasin ƙari da yamma. Uban da ke son sanin gaskiyar matsayin ɗansa ba sai ya jira takardar maki ba: ya ba ɗan CE2 rubutun da bai taɓa gani ba, ya sa wani mai karatu ya saurara, sannan a tambayi yaron da Hausa abin da ya gane.

Ƴan mata da sauran hanyoyi

In aka auna da ƴan mata, babu wani zamanin dā da ya fi yau. Kakannin yaran yanzu ƙalilan ne suka shiga aji, yau kuwa yarinya da jakar littafi ba abin kallo ba ce a ƙauye. Matsalar ita ce tsayawa. Mata 3 cikin 4 a Nijar na yin aure kafin shekara 18, jahar Maradi kuma na sahun gaba. Iyaye da yawa ba sa yarda su tura budurwa zaman gidan wani a gari don kwaleji, kuma fargabarsu ba ta rasa tushe ba. A Disambar 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinyar da ke karatu, gwamnatin Mohamed Bazoum kuma ta fara gina makarantun kwana na ƴan mata.

Iyayen da suka yanke ƙauna daga makarantar gwamnati suna da mafita biyu. Masu hali a Maradi da Tasawa na biyan makarantu masu zaman kansu, abin da ya sa matsayin karatun yaro ya fara bin aljihun ubansa, alhali tsohuwar lakwal, duk da muguntarta, ɗan sarki da ɗan talaka benci ɗaya ta ba su. Wasu kuma na zaɓar makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda asalinsu ke komawa ga madarasar Say ta 1957, ko Islamiyya, ko su haɗa allo da asuba da lakwal da hantsi.

Batun harshe ya dawo

Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, sabuwar manhajar da aka fara gwadawa a tsakiyar shekarun 2010 kuma ta tanadi a fara koya wa yaro karatu da harshensa kafin Faransanci ya karɓi ragama. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ga yaron Maijirgi ko Mayahi, wanda da Hausa yake mafarki, wannan na iya rage masa nauyi biyu da kakansa ya ɗauka a lokaci guda, wato koyon karatu da koyon baƙon harshe. Amma jin Hausa daban, iya koyar da ita daban. Malamai da yawa ba a taɓa koya musu ƙa'idar rubutunta ba, ba su saba da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba, littattafan yara da cibiyar INDRAP ke shiryawa ba su wadata a azuzuwa ba, kuma matakin da ake juyawa daga Hausa zuwa Faransanci shi ne ya fi buƙatar ƙwararren malami. Iyaye ma suna da tasu tambayar, domin birbe da bak har yanzu da Faransanci ake rubuta su.